Ƙarar mahaƙar kwal da tashar lantarki: yaushe ake auna ta, kuma a ina ake rage ta?

Wani malamin makaranta da ke cikin kwamitin ƙauyensu ya aiko da tambaya. Ya ce kimanin kilomita ɗaya da rabi daga gidajensu akwai buɗaɗɗiyar mahaƙar kwal, kusa da ita kuma akwai tashar lantarki da ke ƙona kwal ɗin. Tun da aka soma aikin dare barci ya gagari tsofaffi da masu goyo, kuma duk ranar da aka tashi nakiya sai kwanon ɗakuna ya yi ta karkarwa. Sun kai kuka, kamfanin ya turo mutum da na'ura ya auna da hantsi, ya ce ƙarar ba ta haura ƙa'ida ba, sannan aka yi musu alkawarin dasa layin itatuwa. Yana so ya san ko wannan awon ya isa hujja, ko itatuwan za su yi amfani, da kuma abin da ya kamata su nema.

Malam, awon da aka yi da hantsi bai amsa kukanku ba, domin ku kukan dare kuka kai, kuma ƙarar da ke isowa ƙauye da rana daban take da wadda ke isowa da dare, ko da injinan da ke aiki ba su canja ba. Itatuwan kuwa ku karɓa, za su tare ƙura su ba da inuwa, amma kada ku yarda a rubuta su a takarda a matsayin maganin ƙara. Zan bi dalilan a hankali, saboda wanda zai zauna da injiniyoyin kamfani yana bukatar ya san inda lissafinsu yake da ƙarfi da inda yake da rauni.

Ana auna ƙara da desibel, kuma wannan ma'auni ba ya tafiya irin ta awon mudu, inda biyu da biyu suke zama huɗu. Injin da ke ba da desibel 60, idan aka ajiye masa irinsa a gefe, jimlarsu 63 ce. Idan suka kai goma, jimlarsu 70. Kunnen mutum kuma yana jin ƙarin desibel 10 kamar an ninka ƙarar. Ta fuskar nisa, duk lokacin da aka ninka tazara daga inji guda, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. A ɗauka cewa wata babbar motar kwasar ƙasa tana ba da desibel 90 ga wanda ya tsaya mita 10 daga gare ta. A mita 20 za a ji 84, a mita 40 a ji 78, haka za a yi ta sauka har a mita 1,280 a ji 48. Idan motocin goma ne suke aiki lokaci guda a wuri ɗaya, lissafin ya koma 58. Iska da ƙasa suna shanye wani kaso a hanya, don haka abin da zai iso ƙofar gidanku bai kai haka cif ba, amma kun ga cewa kilomita ɗaya da rabi ba wani nisa ba ne ga rugugin manyan injuna. Akwai kuma abin da yakan ɓace wa mutane: hanyar da motoci ke bi a jere ba yankewa, ko dogon bel mai jigilar kwal, ba sa bin wannan lissafin, domin ƙararsu tana fitowa ne daga dogon layi, kuma ninka tazara daga gare su desibel 3 kawai yake ragewa.

Maganar dare ita ce cibiyar wannan matsala. Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa a lokacin hunturu, da asuba, yakan ji kiran sallar ƙauyen da ke can nesa tar-tar kamar a bayan gidansa aka yi, alhali da azahar ko alamarsa ba ya ji. Ladanin bai ƙara murya ba. Da rana, ƙasa tana da zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi, kuma tunda sauti ya fi sauri a iska mai ɗumi, sai ya lanƙwashe ya yi sama ya bar mutanen da ke ƙasa. Da dare, musamman idan sama ta washe kuma iska ta kwanta, ƙasa tana saurin hucewa, iskar ƙasa ta yi sanyi ta zauna ƙarƙashin mai ɗumi, sai lamarin ya juye: sautin da ya nufi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa, ya tsallake tudun da ya kamata ya tare shi, ya sauka a kan gidajen da ke nesa. Iska mai laushi da ke kaɗowa daga mahaƙa zuwa ƙauye ita ma haka take yi. Bambancin yakan kai desibel da dama, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da ƙauyen ya yi tsit, babu injin niƙa, babu babur, babu hayaniyar yara. Ke nan mai awon da ya zo da hantsi ya zo a lokacin da yanayi ke taimakon kamfani, ya tafi kafin lokacin da yanayin ke cutar da ku. Ba lallai ne da gangan ya yi ba, sau da yawa lokacin aikin ofis ne kawai ya bi, amma sakamakon ɗaya ne.

Sai kuma ƙa'idar da aka ce ba a haura ba. Ku tambaya wacce ce. Jagororin muhalli da lafiya na rukunin Bankin Duniya na 2007, waɗanda masu ba da rancen manyan ayyuka ke yawan bi, sun sa desibel 55 da rana da 45 da dare a wuraren zama, da 70 a yankin masana'antu, kuma sun ƙara da cewa kada aikin ya ɗaga ƙarar da aka saba ji a wurin da fiye da desibel 3. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta ce domin barci mai kyau kada ƙarar da ba ta yankewa ta wuce desibel 30 a cikin ɗakin kwana, kuma kada ƙarar da ke zuwa kwatsam ta wuce 45. A 2009 ta ba ƙasashen Turai shawarar desibel 40 a wajen gida a matsayin matsakaicin dare. A Najeriya, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, NESREA, da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin ƙara na 2009, waɗanda suka raba wurare zuwa na zama da na kasuwanci da na masana'antu, kowanne da iyakar rana da ta dare. Na taɓa duba wani rahoto inda aka gwada awon da aka yi a tsakiyar ƙauye da iyakar yankin masana'antu, aka rubuta cewa komai lafiya. Lambar da aka samu gaskiya ce, ma'aunin da aka ɗora ta a kai ne ba nata ba.

Awon da zai zama hujja ana yin sa ne a ƙofar gidan da ya fi kusa da aikin da wasu gidaje biyu ko uku a kusurwoyi daban, na'urar tana kan ƙafafunta sama da mita ɗaya daga ƙasa, nesa da bango, tana ɗauka dare da rana na aƙalla mako guda, kuma a maimaita a lokacin sanyi. A haɗa da bayanin iska, inda ta fito da ƙarfinta, da jerin injinan da suka yi aiki a kowane dare, domin awon da aka yi a makon da rabin motoci ke gareji ba ya nuna komai. Kada kuma a tsaya ga matsakaicin dare gaba ɗaya. Abin da ke tayar da mai barci shi ne faɗuwar dutse cikin bodin mota da ƙarfe biyun dare, kuma irin wannan yana narkewa ya ɓace idan aka raba shi a kan sa'o'i takwas. A nemi lambobin kowane minti goma sha biyar da mafi girman ƙarar da aka ji a cikinsu.

Akwai wata dabarar awo da ya kamata ku riƙe. Yawancin na'urori suna ba da lamba a ma'aunin da ake kira A, wanda aka tsara don ya kwaikwayi kunnen mutum, kuma yana zubar da kaso mai yawa na sauti mai kauri, wato rugugin nan da ake ji a ƙirji fiye da a kunne. A sautin da ke kaɗawa sau 63 a daƙiƙa, ma'aunin A yana zabge kimanin desibel 26. Matsalar ita ce wannan rugugin ne ya fi tafiya nesa, shi ne ke ratsa bango, shi ne kuma ke sa kwano da ƙyauren taga rawa. Ma'aunin C ba ya zubar da shi haka. A jihar New South Wales ta Ostareliya, idan tazarar da ke tsakanin lambar C da ta A ta kai desibel 15, ana ɗaukar hakan alamar cewa sai an binciki rugugin a kan kansa. Ku nemi a rubuta lambobin biyu. Ku ma ku buɗe littafi a ƙauyen, wani mai ilimi ya riƙa rubuta rana da sa'a da irin ƙarar da aka ji, ko ƙarar ribas ce, ko ƙarar ƙarfe, ko huci. Wayar hannu ba na'urar awo ba ce, amma littafin da aka cika wata uku ana rubutawa yana da nauyi a wurin zama, domin ana iya gwada shi da rajistar aikin kamfanin.

Idan aka zo ga magani, a wurin da ƙara ke fitowa ake fara kashe ta, kuma mafi yawan abin da ke hana ƙauye barci ba shi ne mafi tsadar gyara ba. Ɗauki ƙararrawar ribas, wannan "tit, tit, tit" da manyan motoci ke yi idan za su ja da baya. Sauti ne siriri guda ɗaya, kuma kunne yana tsinto shi daga cikin kowace hayaniya ko daga nesa. Akwai wata iri mai fitar da sauti kamar huci, wadda wanda ke bayan motar yake ji sarai har ya gane daga inda take, amma ba ta kai wa nesa. Canja ta aikin yini ɗaya ne ga makaniki. Ɗauki katafila: mafi munin ƙararta ba daga inji take ba, daga kacarta take idan tana komawa da baya a guje, kuma umarni guda, cewa da dare a wurin da ke buɗe kada a wuce giya ta ɗaya, yana rage ta sosai. Mai injin loda ƙasa idan ya fara zuba laushin ƙasa a bodin mota kafin manyan duwatsu, ya kuma sauke bokitin kusa maimakon ya sako daga sama, ya kashe ƙarar da ta fi tayar da mutane. Wasu mahaƙu suna shimfiɗa roba mai kauri a cikin bodin. Hon da ake yi wa direba don a ce masa an cika ana maye gurbinsa da fitila ko sigina a cikin ɗakin tuƙi. Hanyar da gireda ke bi a kai a kai tana hana motar da ba kaya yin ƙarar bodi a kan gargada. Bayan waɗannan ne ake zuwa masu cin kuɗi: salansa mai inganci, rufe ɗakin inji da abin shanye sauti, da fankar lagireto mai sauƙin ƙara, waɗanda manyan masu ƙera motocin mahaƙa ke sayarwa a haɗe da motar ko a ɗora daga baya. Sai dai a tuna da lissafin da ya gabata: idan akwai injuna goma aka gyara biyu, kusan ba abin da kunne zai ji ya ragu, sai an fara da waɗanda suka fi kowa ƙara kuma suka fi kowa fitowa fili.

Abu na biyu shi ne tare hanyar sautin, kuma a nan buɗaɗɗiyar mahaƙa tana da wata dama da sauran masana'antu ba su da ita, domin kullum tana da tulin ƙasar da aka yaye daga kan kwal wadda dole a zubar da ita wani wuri. Idan aka tsara tun farko, wannan ƙasar ita ce ganuwa. Sharaɗin ganuwa shi ne ta katse gani: idan daga ƙofar gidanka kana hango motar ko fitilarta, to sautinta ma yana zuwa maka kai tsaye. Ganuwar da ta rufe gani da kyar tana rage kimanin desibel 5, mai tsayi sosai takan kai 10 zuwa 15, kuma ta fi aiki idan tana dab da injin ko dab da gidan, ba a tsakiyar fili ba. Ba ta son giɓi, kuma ba ta da ƙarfi a kan rugugi mai kauri, wanda tsawon zangonsa kan kai mita da dama, sai ya lanƙwasa ta samanta ya wuce. A daren da iska ta juye irin wanda na bayyana, amfaninta yana ƙara raguwa. Kuskuren da na fi gani shi ne a gina ganuwar da kyau, sannan a bar motoci suna hawa kanta suna juye ƙasa da dare, wato an ɗauki injin an ɗora shi a kan mumbari. Tsarin da ya dace shi ne a yi aikin saman tudu da gefen da ke fuskantar ƙauye da rana, da dare kuma a koma cikin rami da bayan tudu, inda bangon ramin da kansa yake zama kariya.

Itatuwa kuwa, layi ɗaya ko biyu na darbejiya ko turare ba ya rage abin da na'ura za ta nuna. Sai kurmi mai duhu wanda ba a hango ta cikinsa, mai faɗin mita talatin ko fiye, yake rage 'yan desibel, kuma shekaru nawa za a jira kafin ya kai haka a ƙasar da damina ke wata huɗu? A dasa su a kan ganuwar don su riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta.

Wurin da ya fi kowane gogewa a wannan fanni, a ganina, shi ne kwarin Hunter a New South Wales, inda manyan mahaƙun kwal ke kewaye da garuruwan Singleton da Muswellbrook. Ƙa'idarsu ba ta tsaya ga lamba ɗaya ga kowa ba: ana auna shirun wurin tukuna, sannan a ba aikin damar ɗora desibel 5 a kai, abin da ke sa iyakar dare a karkara mai shiru ta tsaya wajen 35. Mahaƙun suna kafa na'urori na dindindin kusa da gidajen maƙwabta, masu aika lambobi kai tsaye zuwa ɗakin da ake sarrafa motoci. Idan ƙara ta doshi iyaka, mai kula da aikin dare yana janye motoci daga saman tudu, wani lokaci ya tsayar da su har yanayi ya sauya. Ba kyauta aka samu wannan ba. A 2013 kotun filaye da muhalli ta jihar ta soke izinin faɗaɗa mahaƙar Warkworth bayan ƙarar da mazauna ƙauyen Bulga suka shigar, kuma ƙarar injuna da ƙura suna cikin dalilan da alƙali ya kafa hujja da su. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2014, amma a 2015 aka sake ba da izinin bayan gwamnati ta gyara ƙa'idojinta. Na kawo ƙarshen labarin ne don kada ku ɗauka cewa hukunci ɗaya yana gama magana.

Nakiya matsala ce ta daban, kuma awonta daban ne. Tashin nakiya yana aiko da abu biyu: girgizar da ke bi ta ƙasa, da bugun da ke bi ta iska. Ta ƙasa ta fi sauri, don haka a nisanku za ku fara jin motsi a ƙafa, bayan daƙiƙa huɗu ko makamancin haka sai kwano ya ɗauki rawa, tunda sauti a iska kimanin mita 340 yake ci a daƙiƙa. Rawar kwanon da kuka ambata galibi aikin bugun iska ne. Ƙa'idar da Ostareliya da New Zealand suka fitar a 1990, wadda ake yawan aro, ta ce kada bugun iska ya wuce desibel 115 a kashi 95 cikin ɗari na tashin nakiya, kada kuma ya taɓa wuce 120. Girgizar ƙasa kuma kada ta wuce milimita 5 a daƙiƙa a kashi 95 cikin ɗari, iyakar ƙarshe 10. Wannan desibel ɗin ba a gwada shi da 45 na dare, domin ƙololuwar bugu ɗaya yake aunawa ba tare da zubar da sauti mai kauri ba. Abin da ke rage su sananne ne ga duk mai harhaɗa nakiya: a rage yawan abin da ke tashi a lokaci guda ta hanyar jinkirta ramuka da 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa tsakaninsu, a cike bakin kowane rami da tsakuwa sosai don kada iskar ta tsere ta sama kamar bakin bindiga, a daina shimfiɗa igiyar nakiya a fili ba rufi, a juya fuskar da za a fasa ta kalli wani gefe, kuma kada a tayar da sassafe, ko sama a lulluɓe da gajimare, ko iska tana kaɗowa ƙauye. Lokaci guda sananne, tsakanin azahar da la'asar misali, tare da jiniya da sanarwa ga mai gari tun jiya, yana rage firgici ko da lambar ba ta sauya ba.

Game da tsagewar bango zan faɗa muku gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ginin ƙasa yana tsagewa saboda damina da bushewa da zaman tushe, kuma kamfani zai riƙe wannan hujja da hannu biyu. A ɗaya ɓangaren, iyakokin girgiza da ake arowa an tsara su ne da gine-ginen bulo da siminti a zuciya. Jamusawa ma a ƙa'idarsu sun sauko zuwa milimita 3 a daƙiƙa ga gine-gine masu rauni. Mafita ita ce a zagaya gida-gida tare da wakilin kamfani a ɗauki hoton kowane bango, a sa alama da kwanan wata a ƙarshen kowace tsaga, sannan a ajiye na'urar girgiza a ƙauyen a duk ranar nakiya. Ba tare da wannan ba, gardamar ba ta da alƙali.

Tashar lantarki kuwa halinta ya saɓa wa na mahaƙa, domin ba ta motsi kuma ba ta hutawa. Gina tasha a bakin rami tsohon tsari ne, saboda jigilar kwal mai yawan toka zuwa nesa asara ce. Haka aka yi a Anu-Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, inda kamfanin Sonichar da aka kafa a 1975 yake haƙo kwal a buɗaɗɗen rami yana ƙonawa a tashar da ta soma aiki a farkon shekarun 1980, mai injuna biyu na megawat 18.8 kowanne. A irin waɗannan tashoshi, ƙarar da ke fita waje tana zuwa ne daga manyan fankokin da ke tura iska cikin tukunyar tururi da masu zuƙo hayaƙi zuwa bututu, da fankokin sanyaya ruwa, da injin farfasa kwal, da tiransifoma, wadda a layin wuta irin namu mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa take yin gunjin da ke kaɗawa sau 100, ba dare ba rana. Mafi firgitarwa shi ne sakin tururi, lokacin da bawul ɗin kariya ya buɗe ko ake wanke bututu bayan gyara, wanda ake ji kamar jirgin sama ya sauka a bayan gari. Bawul ɗin kariya ba a hana shi buɗewa, domin shi ke hana tukunya fashewa, amma ana sa masa salansa, kuma sakin da aka tsara ana iya yin sa da rana bayan sanarwa. Daɗin abin shi ne tunda injinan a kafe suke, gyara ɗaya yana daɗewa: salansa a bakin fanka da cikin bututun hayaƙi, gini mai kauri a kan injin farfasawa tare da rufe ƙofofinsa, katanga a gefe uku na tiransifoma. Bel mai jigila shi ma yana bukatar ido, domin ƙaramar tayar da yake gudu a kai guda ɗaya idan boris ɗinta ya mutu tana iya yin kuka dare bakwai ba wanda ya kula. A mahaƙun Garzweiler da Hambach na yammacin Jamus, inda kwal ɗin yake da laushi har ba a bukatar nakiya kuma injinan haƙa da lantarki suke aiki, bel mai tsawon kilomitoci yana cikin manyan tushen ƙara, shi ya sa suke amfani da tayoyi masu sauƙin ƙara, suna rufe injinan da ke jan bel ɗin, suna kuma gina ganuwa a gefen ƙauyuka.

Tunda 'ya'yanku ne ke aiki a ramin, ku sa su cikin magana. Desibel 85 na sa'a takwas shi ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka fi yarda da ita, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: sa'a huɗu a 88, sa'a biyu a 91, minti goma sha biyar a 100. Kurumtar da ƙara ke jawowa tana shigowa a hankali kuma ba ta warkewa. Abin toshe kunne da gwajin ji sau ɗaya a shekara haƙƙinsu ne.

Abin da za ku nema, ku nema a rubuce. Idan a Najeriya kuke, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma da mutanen wurin, kuma ana sake duba ta duk shekara biyar; yawancin ƙauyuka sukan cika ta da rijiyar burtsatse da ajujuwa su manta da barcinsu. Ku nemi kwafin rahoton nazarin tasirin muhalli da aka ba da izini a kansa, wanda dokar 1992 ta tanada, ku duba lambar da kamfanin da kansa ya yi hasashen za a ji a ƙauyenku da dare, domin ita ce alkawarinsa na farko. A cikin yarjejeniyar a rubuta iyakar dare da lamba, da gidajen da za a riƙa aunawa, da wanda zai auna, da cewa za a ba kwamitinku sakamakon duk wata uku, da lambar wayar mai kula da aikin dare wanda yake da ikon janye mota a take, ba jami'in hulɗa da jama'a da zai zo ofis gobe da safe ba. Gyaran gidaje da ake yi a Turai, wato tagogi masu gilashi biyu, ba shi da amfani sosai a inda mutane ke kwana a tsakar gida duk bazara, don haka kada a sayar muku da shi. Idan kuma taswirar aikin ta nuna cewa bakin ramin yana matsowa wajenku shekara bayan shekara, har zai zo tazarar da ganuwa da salansa ba za su iya saukar da ƙarar dare zuwa iyaka ba, to maganar da ta rage ita ce ta sauya matsuguni da diyyar gonaki, kuma gara a buɗe ta tun ramin yana kilomita ɗaya da rabi, lokacin da kamfanin yake bukatar sa hannunku kafin ya matso.